Yadda 'yan ajina suka gurfanar da Baroka a kotu

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke koyar da Turanci a makarantunmu na sakandare. A jarabawar WAEC akwai takarda ta uku ta Turanci wadda aka ce ta gwajin furuci ce, amma a Najeriya da fensir ake yin ta: tambayoyi 60, kowace da zaɓinta, ɗalibi ya cike gurbi ya miƙa. Yarinya za ta iya cin wannan takarda da maki mai kyau ba ta buɗe baki ta furta ko kalma ɗaya ba. Haka ma Adabin Turanci, wanda yaranmu ke kira litireca, takardu uku ne, duk a rubuce. Saboda haka malami ba ya ganin dalilin da zai sa ya kashe lokacinsa wajen koya wa yara magana, su ma yaran ba sa gani. Sai mu yaye 'yan mata masu kiredit a Turanci, masu burin karanta lauya a Jami'ar Bayero, waɗanda in aka ce su miƙe su yi bayanin minti biyu sai murya ta maƙale, a ja gefen hijabi a rufe baki.

Ni malamar litireca ce a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a cikin birnin Kano, kuma na san yaran nan ba bebaye ba ne. Mutum ya tsaya kusa da taga in an fita tara ya ji yadda suke musu a kan fim ɗin da suka kalla jiya: wace ce ta yi daidai, wa ya ci amana, me ya sa uwar miji ta yi abin da ta yi. Kowa da hujjarta, ba mai yarda a kayar da ita. Wannan musun shi ne nazarin adabi. Aikin da ya rage wa malami shi ne ya shigo da shi aji, ya ɗora shi a kan littafi, ya taimaka a faɗe shi da Turanci.

A farkon zango na biyu, hunturu bai gama wucewa ba, na shaida wa 'yan ajin SS2 cewa makin gwajin tsakiyar zango ba a takarda za a same shi ba wannan karon. Za a kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ta fito gaban aji ta gabatar da wani abu a kan littafin da muke karantawa, da baki, da Turanci. Aji ya yi tsit. Can sai monita ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, don girman Allah a yi mana rubutun kawai." Na ce mata rubutun ma yana nan tafe, amma sai bayan an yi magana.

Littafin shi ne The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, ɗaya daga cikin wasannin kwaikwayo biyu na Afirka da WAEC ta sa daga 2021 zuwa 2025. An fara nuna wasan a Ibadan a 1959, kafin samun 'yancin kai, marubucinsa kuma shi ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986. Labarin na yini ɗaya ne a ƙauyen Ilujinle na ƙasar Yarbawa, an kasa shi uku: safe, rana da dare. Sidi ita ce kyakkyawar budurwar ƙauyen. Lakunle, matashin malamin makaranta mai kwat da ta yi masa kaɗan, yana son ta, amma ya kafe ba zai biya kuɗin aure ba, wai al'adar jahilci ce. Baroka, dagacin garin da suke kira Bale, ɗan shekara 62 mai tarin mata, shi ma ya ƙyalla ido ya gan ta bayan wani baƙo mai ɗaukar hoto ya buga hotunanta a mujalla. A ƙarshe tsohon ne ya same ta, ta hanyar dabara da ƙarya.

Matsalar farko ita ce littafin kansa. Aji ne na 'yan mata sama da saba'in, masu littafi kuwa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Abin da ya cika jakunkunansu shi ne ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake sayarwa a shagunan Sabon Gari, waɗanda ke jera jigo da taurari da amsoshin da za a haddace. Ba na ƙin su gaba ɗaya, suna da ranarsu dab da jarabawa. Amma yarinyar da su kaɗai ta karanta ba ta taɓa jin muryar Lakunle yana zuba manyan kalmomin da ya kwaso daga ƙamus ba, ba ta san yadda Baroka ke lallaɓa magana har ya kai inda yake so ba. Na sayi wasu tsofaffin kwafi, muka haɗa da na masu shi, kowane benci biyu suka samu guda.

Makonnin farko karatu kawai muka yi, a bayyane, kowa da rawar da take karantawa, ana canzawa. Inda Turancin ya yi tsauri sai in tsaya mu warware da Hausa. A makarantu da yawa har yanzu ana rubuta sunan wadda ta yi Hausa a aji a hukunta ta. Ni a ganina wannan doka ba Turanci take koyarwa ba, shiru take koyarwa. Yaran nan sun riga sun san jigo da warwararsa da salo da zubi da tsari daga darasin Hausa. Ban ga hikimar hana su taka wannan tsani ba.

Tun a kashin safe ajin ya kama da wuta, inda Lakunle ke kushe kuɗin aure. Wata 'yar Kurna, mai kaifin baki, ta ce, "Malama, wannan ai ba miji ba ne. Namijin da ya kasa sadaki me kuma zai iya?" Wata ta ce ai yana da gaskiya ta wani gefen, yayanta shekara nawa yana tara kuɗin lefe har yau bai gama ba. Na bar su suka ɗan fafata, sannan na ja musu birki. Sadaki a Musulunci haƙƙin amarya ne, mafi ƙarancinsa a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari, lefe kuma al'adarmu ce ta daban. Abin da ke cikin littafi al'adar wancan ƙauyen ce, kuma Sidi ta faɗi dalilinta da bakinta. Na ce a nemo mini. Aka duƙufa a kan shafuka har wata ta gano inda take cewa in ta yi aure ba a biya ba, mutanen gari za su ce ba budurwa ba ce, don ta rufe kunyarta ta yarda. Ranar suka fara fahimtar bambancin "ni a ganina" da "ga inda littafi ya ce."

A kashin rana kuma muka iso inda Sadiku, uwargidan Baroka, take lallashin Sidi da cewa matar ƙarshe ta Bale ita ke zama uwargidan wanda zai gaje shi, daga baya kuma ta bayyana cewa ita kanta matar Okiki ce, mahaifin Baroka. Aji ya ɗauki salati. Wata ta furta wata magana a kan Yarbawa gaba ɗaya. Muna da yarinya 'yar Ayagi, unguwar da Yarbawa suka zauna tun kaka da kakanni a cikin ganuwa, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Na ga idonta ya kaɗa. Ta ce, "Malama, mu a gidanmu ba mu san wannan ba, kakana limami ne." Na ajiye alli na ce wa ajin, ƙauyen Ilujinle marubuci ne ya ƙirƙire shi, ya zuba masa mutanen da yake so don ya faɗi abin da yake son faɗa, kuma duk wadda ta fito gabatarwa ta ɗora laifin Baroka a kan wata ƙabila ta rasa makinta. Wadda ta yi maganar ta ba da haƙuri. Daga baya 'yar Ayagin ce ta riƙa gyara mana furucin sunaye, ita ta kawo ashoke daga gida don Sadiku ta ɗaura.

Da muka gama karatu sai na kasa su bakwai-bakwai, takwas-takwas. Ni na yi rabon, ban bar ƙawaye su haɗu ba, domin in an bar su masu baki wuri ɗaya za su taru, marasa magana su ma su koma gefe guda. Abu na farko da na nema daga kowace ƙungiya shi ne jimla ɗaya tak, wadda wani zai iya musawa. Nan aka sha wuya fiye da ko'ina. Kusan duka sun fara kawo mini, "Jigon littafin shi ne rikici tsakanin al'ada da zamani." Na mayar da su. Wannan jimla daga ɗan littafin taƙaitawa ta fito, kuma ba wanda zai tashi ya ce ƙarya ce, to me za a tsaya karewa? Sai da aka yi ta kai-komo kafin jimloli masu jini a jika suka fara fitowa. Wasu suka ce Lakunle ya fi son jin muryarsa a kan son Sidi. Wasu suka ce Sadiku ce ta fi kowa asara a wasan. Wadda ta fi burge ni ita ce ta ƙungiyar da ta ce Baroka yana son ci gaba matuƙar shi zai riƙe linzaminsa, hujjarsu kuwa mutumin da ya ba mai awon hanya toshiyar baki don kada layin dogo ya ratsa garinsa, shi ne kuma ya ajiye injin buga kan sarki a ɗakinsa, har ya bar barorinsa suka kafa ƙungiyar ma'aikata suna hutun mako.

Bayan jimla sai hujja uku daga littafi, kowace da lambar shafinta. Minti takwas kowace ƙungiya, kuma ba wadda za ta fito ta koma ba ta yi maganar aƙalla minti ɗaya ba.

Siffar gabatarwar kuwa su na bar wa zaɓi, sharaɗi kawai kada a tsaya a jere ana karanta takarda. A nan ne Kano ta shigo aji. Wata ƙungiya ta ce shirin rediyo za ta yi irin na sojojin baka da iyayensu ke saurare da daddare, ɗaya na kare Baroka, ɗaya na kare Lakunle, mai gabatarwa a tsakiya, masu bugo waya daga cikin aji. Wata ta ce kirari za ta tsara wa Baroka da Turanci, kowane baiti a jingina shi da wani abu da ya aikata. Wata ta zaɓi zaman sulhu a zauren mai unguwa. Wata ta ce tashe za ta yi, a sa Nalako ya kamo Lakunle tunda gari ya waye ba shi da mata. Ƙungiyar monita kuma ta ce kotu za ta kai Baroka.

Kafin a fara gwaji sai da na je ofishin shugabar makaranta. Ta saurare ni sarai, sannan ta ce, "Malama, ba na son gobe in ji an ce muna koya wa 'ya'yan mutane rawa." Na ce, "Hajiya, ba kiɗa, ba rawa, ba mai cire hijabinta." Ta ƙara da cewa abin da ya faru a ɗakin Baroka da dare kada a kwaikwaye shi. Na amince, kuma ba don dole ba. Wasan yana da wuraren da sai an sakaya zance a gaban 'yan mata 'yan shekara sha shida, shi kansa marubucin bai nuna abin a kan dandamali ba, Sidi ce ta dawo tana kuka aka gane. Kotu da rediyo sun dace da wannan, domin shaida na iya cewa "ya yaudare ta" kowa ya fahimta. Duk da haka wani uba ya aiko cewa shi bai kai 'yarsa makaranta don ta yi fim ba. Mahaifiyar ta zo, na nuna mata takardar rabon maki, na gaya mata yarinyar lauya za ta fito, littafi ne a hannunta, ba abin da za ta yi da ya wuce tambaya da kawo hujja. Ta ce za ta yi masa bayani, kuma yarinyar ta ci gaba.

Tsarin da muka bi wajen shirya maganar shi ne a yi musu da Hausa har a san abin da ake son faɗa, sannan a rubuta da Turanci, in duba in gyara, daga nan a yaga rubutun. Wannan matakin na ƙarshe shi suka fi ƙi. Yaranmu gwanayen hadda ne, Islamiyya ta horar da su, kuma baiwa ce babba a inda ba a son ko wasali ya canza. Amma a gabatarwa, wadda ta haddace shafi guda in kalma ɗaya ta kuɓuce mata sai duk sauran su bi ta, ta tsaya tana kallon rufi tana maimaita jimlar baya. Don haka na ba kowace ɗan guntun kwali daidai tafin hannu, kalmomi biyar ko shida kawai za a rubuta don tuni, da lambobin shafi. A wajen gwaji nakan karɓi kwalin in ce, "Gaya mini abin nan kuma, amma da wasu kalmomin." Da farko sai kuka ya zo kusa. A hankali suka gane cewa in ka san abin da kake nufi, Turancin da kake da shi, komai ƙanƙantarsa, zai kai ka.

Sai murya. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata su sassauta murya a gaban manya, tarbiyya ce mai kyau, ban ce su zubar da ita ba. Na ce musu dai lauya ko malama ko ma'aikaciyar asibiti da ba a jin abin da take faɗa ta tauye haƙƙin mai saurarenta. Mukan tsayar da ɗaya a bangon ƙarshen aji, duk lokacin da ta daina ji sai ta ɗaga hannu, mai magana ta koma farkon jimlar. Na ɗauki muryoyinsu a wayata na kunna musu, da yawansu ranar suka fara jin Turancin bakinsu. Wasu suka damu da yadda harafin p ke koma musu f. Muka ɗan yi aiki a kai, amma na tabbatar musu ba zan rage wa kowa maki don harshenta ya nuna Bahaushiya ce ba. Abin da zan rage wa maki shi ne maganar da ba ta isa bangon baya ba.

Lokacin gwaji ma sai da dabara. Darasi minti 40 ne, ga sauran manhaja na jira. Muka riƙa amfani da lokacin tara a gindin darbejiya, da ranar Alhamis bayan an tashi, tunda yawancin Islamiyyu ba sa karatu Alhamis da Juma'a. Masu zuwa daga Ɗorayi da Rijiyar Zaki ba sa iya daɗewa saboda neman adaidaita sahu, wasu kuma aikin gida na jiran su, don haka sai a fara da nasu kason su wuce.

A gwajin ne na tsayar da 'yan tashe. Sun ba kowa dariya har da hawaye, an ɗaura wa Lakunle igiya ana zagaya shi da waƙa, amma da na tambaye su ina jimlarsu, ina hujja uku, sai aka kalli juna. Na ce su koma. Ba su ji daɗi ba, sun ga kamar na kashe musu abin da ya fi na kowa armashi. Da suka dawo sai ga shi sun sa Nalako yana yi wa Lakunle tambayoyi kafin ya ɗaure shi: kai ne ka ce ƙwaƙwalwar mata ta fi ta maza ƙanƙanta? Kai ne ka hana ta ɗaukar bokiti a ka, ka karɓa ka zubar da ruwan a jikinka? Dariyar tana nan, amma yanzu kowace dariya da shafinta.

Ranar gabatarwa muka haɗa darasi biyu a jere, muka tura bencina baya. Malamin Hausa da wata malamar Turanci suka zo taya ni ba da maki. 'Yan rediyo suka buɗe da makirufo na kwali, suka yi kyau, ko da yake mai kare Lakunle ta fi ƙarfin abokiyar karawarta nesa ba kusa ba. Masu kirari sun gajarta amma sun ƙayatar. 'Yan zaman sulhu kuwa abin da nake tsoro ne ya same su: biyu daga cikinsu sun koma sun haddace rubutun a ɓoye, ta farko ta kakare a tsakiya, ta biyu da ke jiran kalmar ƙarshe ta 'yar'uwarta don ta ɗora ita ma ta rasa ta inda za ta shiga. Na ce su duba kwalinsu su ci gaba, suka lallaɓa suka kai ƙarshe.

Sai kotu. Monita ce alƙaliya, da baƙar abaya da hular auduga da suka liƙa a kwali. Wadda ta fito a Baroka, doguwa ce 'yar Yakasai, ta ɗora babbar rigar mahaifinta a kan hijabi, tana tafe a hankali da mafici a hannu, ta ƙi zama sai da aka shimfiɗa mata darduma. Tuhumar ita ce yaudara. Lauyar masu ƙara, yarinyar nan da mahaifinta ya so hanawa, ta buɗe littafi ta karanta inda Baroka ya gaya wa Sadiku cewa ƙarfinsa na namiji ya ƙare, ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Lauyar da ke kare shi ta miƙe ta ce ba wanda ya aika a kamo Sidi, ta riga ta ƙi gayyatar cin abincin, da ƙafarta ta taka ta je don ta yi wa tsoho dariya, wanda ya je cin mutuncin wani kuwa ba shi da bakin ƙara. Aji ya ɗauki sowa. Mai ƙara ba ta daburce ba. Ta ce Baroka ya shekara da shekaru da Sadiku, ya san bakinta ba ya riƙe magana, don haka da ya gaya mata sirrin ya san sarai kunnen wa zai faɗa. Wannan amsar ba ta cikin abin da na duba musu, a tsaye ta haɗa ta, da 'yan kurakuran nahawu, amma ba wanda bai gane ba.

Aka kira Sadiku shaida. Yarinyar da ta fito a wannan rawa tun shigowarta ajin ban taɓa jin ta ɗaga hannu ba, 'yar ƙarama ce mai zama a lungun taga. Ta faɗi abin da ta shirya, murya na rawa, ta juya za ta koma. Sai wata daga cikin masu kallo ta miƙe, domin na ba aji damar tambaya ɗaya ga kowace ƙungiya, ta ce: ke da mijinki ya gaya miki lalurarsa, me ya sa kika fita dandali kina murna? Ba su shirya wa wannan ba. Yarinyar ta tsaya, ta kalli kwalinta, babu komai a kai game da haka. Na ga monita na shirin ceto ta, na yi mata alama ta bari. Sai da shirun ya yi tsawo sannan ta fara, kalma ɗaya bayan ɗaya. Ta ce an ɗauke ta daga hannun uba an miƙa wa ɗa, ba wanda ya tambaye ta. Duk matar da yake so ita ake aika ta nemo masa, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce ranar ce rana ta farko da ta ga shi ma akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Malamin Hausa ya ajiye bironsa ya dube ni. Na shekara ina koyar da wannan littafi, ban taɓa karanta bayanin Sadiku da ya kai wannan ba a cikin littattafan taƙaitawar nan.

Alƙaliya ta sami Baroka da laifi, amma ta ƙi yarda da roƙon Lakunle na a ba shi Sidi. Dalilinta, da ta karanto daga shafukan ƙarshe, shi ne lokacin da Sidi ta dawo cikin kuka, abin da ya fara lissafawa shi ne yanzu maganar kuɗin aure ta faɗi.

Maki 20 ne. Takwas na hujja daga littafi, sauran sha biyun aka raba daidai tsakanin tsarin magana, fitar murya, da amsa tambaya. Na hujja da na tsari na ƙungiya ne gaba ɗaya, na murya da amsa kuwa kowa da nata. Ban ware ko maki ɗaya don kayan sawa ba, na kuma faɗa tun farko, amma duk da haka wata ƙungiya da ta sha wahalar ɗinka hula da aro kayan ado ta zo tana ƙorafi da ta ga masu kwalin makirufo sun fi ta. Na zaunar da su muka bi takardar layi-layi, suka ga inda suka kawo hujja ɗaya maimakon uku.

Mako na gaba na ba su rubutun da monita ta roƙa tun farko, tambaya irin ta WAEC a kan rawar da Sadiku ta taka a wasan. Ba duka suka yi abin kirki ba, masu raunin nahawu suna nan da rauninsu, wannan aikin shekaru ne. Amma takardu da yawa sun zo da abin da masu duba jarabawa ke nema: a faɗi matsayi, a kawo abin da ya faru a littafi, a nuna yadda ya tabbatar da matsayin. Farashin kuwa lokaci ne. Aikin ya ci mana makonni, waƙoƙi 12 da ke cikin manhaja suka koma jiran zango na uku.

Akwai kuma abin da aikin ƙungiya ba ya magancewa. Duk da dokar minti ɗaya, wasu sun fake a bayan masu baki, aka ba su jimloli mafi sauƙi suka faɗa suka tsere. Saboda haka da muka shiga waƙoƙin sai na sauya tsari: kowa ita kaɗai, minti uku, mutum biyu a farkon kowane darasi, don kada a sake cinye makonni. Muka fara da waƙar Niyi Osundare, The Leader and the Led, inda namun daji ke jayayyar wanda zai shugabance su, zaki da kura da giwa da raƙumin dawa kowa da aibinsa. Kowace yarinya ta ɗauki dabba guda ta nemi ƙuri'ar aji da bakinta, sannan ta amsa zargin da waƙar ta yi wa dabbar tata, da layin da zargin yake.